Biyan wata-wata ko saye sau ɗaya? Tambayoyi da amsoshi kan manhajojin dizain

Duk inda masu aikin dizain suka haɗu, masu zanen tambari da fosta, masu gyaran hoto, masu yanka bidiyo, sai wannan gardamar ta taso, wasu na cewa biyan wata-wata zalunci ne tsantsa, wasu na cewa ai shi ya buɗe wa ƙananan masu sana'a ƙofa. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kai, da amsa gwargwadon abin da na sani. Farashin da zan ambata na dala ne kamar yadda kamfanonin suka sa a Amurka, kuma yana canzawa, don haka a duba na ranar kafin a yanke shawara.

Wai mene ne ma ainihin bambancin?

A tsarin saye sau ɗaya zaka biya kuɗi dunƙule guda, a baka lasisin amfani da wata siga ta manhajar ba tare da wa'adi ba. In sabuwar siga ta fito ka ga dama ka sake biya ka hau ta, in baka ga dama ba ka ci gaba da tsohuwarka. A tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara kuwa kullum kana kan sabuwar siga, amma ranar da kuɗi ya tsaya manhajar ma ta tsaya. Kamar gidan haya ne da gidan da ka saya: na haya mai gida ke gyara rufi in ya yi yoyo amma ranar da baka biya ba kana waje, naka na kanka kuwa babu mai korarka sai dai duk gyara a wuyanka yake.

Abu ɗaya dai a riƙe, a duka biyun izinin amfani aka sayar maka, manhajar kanta tana nan mallakin kamfani.

Yaushe aka koma wannan tsarin, kuma me ya kawo shi?

Adobe ne suka ja gaba. Sun fito da Creative Cloud, tsarinsu na biyan wata-wata, a 2012 tare da CS6, sigar manhajojinsu ta saye sau ɗaya, sai a watan Mayu 2013 suka sanar cewa daga CS6 an rufe, ba wata CS7 da za ta zo, duk sabon Photoshop da Illustrator da InDesign da Premiere sai ta biyan wata-wata. Mutane sun yi ca, dubun-dubata suka sa hannu a takardar koke, amma kamfanin bai ja da baya ba, kuma a farkon 2017 ya daina sayar da CS6 ɗin ma gaba ɗaya. Autodesk, masu AutoCAD da Maya da 3ds Max, suka bi sahu suka daina sayar da lasisin dindindin a 2016. Maxon masu Cinema 4D suka shigo da nasu tsarin a 2019.

Dalili kuwa kuɗi ne, babu ɓoye-ɓoye. A da kamfani sai ya jira shekara ɗaya da rabi ko biyu ya fito da sabuwar siga, sannan ya yi ta lallashin mutane su saya, da yawa kuma su ce tsohuwar ta ishe su. Yanzu kuɗi na shigowa kowane wata kuma an san adadinsa tun kafin ya zo. Adobe sun samu kimanin dala biliyan 4.4 a shekarar 2012, a 2024 kuwa sun haura biliyan 21. Kaga ba za su koma baya ba. Amma a yi adalci, akwai abin da mai amfani ma ya samu, domin gyare-gyare sun daina jiran shekara biyu, sannan wanda ba zai taɓa iya tara dala dubu biyu da wani abu ba ya samu hanyar shiga ta halal.

Toh wanne ya fi arha in an yi lissafi?

Ya danganta da manhaja nawa kake buɗewa da kuma shekara nawa zaka yi da su. Bari mu yi lissafin a fili. Photoshop CS6 dala 699 ake sayar da shi, wanda ke da tsohuwar siga kuma ya hau sabuwa da dala 199. Photoshop shi kaɗai a tsarin yanzu dala 22.99 ne a wata in ka ɗauki alkawarin shekara, wato kusan dala 276 a shekara, cikin shekara biyu da rabi ka biya kusan kuɗin CS6, kuma a wata na gaba baka da komai a hannu sai ka sake biya. Ga mai manhaja ɗaya, biyan wata-wata ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Amma ga mai amfani da manhaja huɗu ko biyar labarin ya ɗan bambanta. Master Collection na CS6, wato kunshin manhajojin gaba ɗaya, dala 2,599 ake sayar da shi a lokacin, shi kuma Creative Cloud gaba ɗayansa ya fara a dala 49.99 a wata, sai ka shekara huɗu da 'yan watanni kafin ka cimma wancan kuɗin, kuma a tsakanin da ka riga ka sake biyan kuɗin hawa sabuwar siga in kana cikin masu bin sabo. Matsalar ita ce farashin baya tsayawa wuri ɗaya, ya kai 59.99, a 2025 kuma aka canza wa babban tsarin suna zuwa Creative Cloud Pro a Arewacin Amurka aka kai shi 69.99. Tsarin masu ɗaukar hoto da ya daɗe a 9.99 tun 2013 shi ma a farkon 2025 an ɗaga na masu biya duk wata zuwa 14.99. Wanda ya saya sau ɗaya ya san abin da ya kashe, mai biyan wata-wata kuwa bai san nawa za a ce masa baɗi ba.

Ni yadda nake cewa mutane su yi: ka raba kuɗin shekara da yawan aikin kuɗi da ka yi da manhajar a shekarar. In aiki ɗaya ko biyu ya biya maka kuɗin wata, maganar tsada ta ƙare. In kuwa wata uku na wucewa baka buɗe ta ba, kana zubar da kuɗi ne kawai.

Idan na daina biya, me zai faru da ayyukan da na yi?

Wannan ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, kuma abin takaici ita ake yi a ƙarshe. Fayilolinka da ke kan kwamfutarka babu mai goge su, suna nan. Sai dai me zaka buɗe su da shi? Fayil ɗin InDesign na INDD babu wata manhaja da ke buɗe shi yadda ya kamata sai InDesign. Aikin Premiere ko After Effects haka. PSD, fayil ɗin Photoshop, ya fi sauƙi domin Affinity da Photopea da GIMP da Krita duk suna buɗe shi, amma in aikin na da sarƙaƙiya, leya a cikin leya da ado iri-iri, wani abu zai zame, ko rubutun da kake iya gyarawa ya koma hoto.

Ka ɗauka wata kwastoma ta kira ka bayan shekara uku tana cewa, Malam don Allah littafin nan na kayanmu da ka haɗa mana, lambar waya kawai za a canza a shafin baya. Aikin minti biyu ne. Amma ka riga ka bar tsarin, fayil ɗin INDD ne, PDF ɗin da ke hannunka kuma ka riga ka mayar da rubutun zane. Dole ka sake biyan wata guda. Ka biya ka buɗe, sai ka tarar da rubutun duk an shafe shi da ruwan hoda, alamar da InDesign ke yi in salon rubutu ya ɓace, saboda salon rubutun na Adobe Fonts ne kuma shi ma da biyan yake tafiya, sai ka sake kunna shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke min ciwo a tsarin ke nan, aikin hannunka ne, kai ka kwana a kai, amma makullin yana hannun wani.

Lightroom Classic, manhajar Adobe ta masu ɗaukar hoto, ya ɗan fi sassauci, in biyanka ya ƙare kana iya buɗe kundin hotunanka ka duba ka fitar da su, ɓangaren gyara ne ke kullewa. Abin da ka ajiye a ma'ajiyarsu ta intanet kuwa, wurin zai ragu zuwa ɗan ƙaramin na masu akawun ɗin kyauta, ana ba da ɗan lokaci a kwashe, kada ka yi wasa da wannan lokacin.

Ke nan in na saya sau ɗaya ya zama nawa har abada?

A'a ɗan'uwa, kuma nan ne masu zagin biyan wata-wata ke yin shiru. Lasisin ba shi da wa'adi, gaskiya ne, amma duniyar da ke kewaye da shi tana da wa'adi. A 2019 Apple suka fito da macOS Catalina wanda ya daina ɗaukar manhajoji masu tsohon gini na bit 32, nan take masu CS6 da yawa suka kasa sake saka shi a kwamfutarsu duk da lasisin halal ne suka saya. A 2020 kuma Apple suka koma nasu injin na M1, wanda tsofaffin manhajojin ba don shi aka gina su ba. Windows ya fi haƙuri da tsofaffin manhajoji, amma shi ma Windows 10 an daina kula da shi a Oktoba 2025, wanda ya maƙale a tsohuwar kwamfuta saboda tsohuwar manhaja yana ɗaukar kasadar tsaro.

Sannan akwai maganar kunnawa. Yawancin manhajojin da aka saya sai sun tuntuɓi kamfani ta intanet sun tabbatar da lambar lasisi kafin su fara aiki. Ranar da kamfanin ya kashe wannan na'urar tabbatarwar, faifan da ke hannunka ya zama ado. Adobe sun kashe ta CS2, daga baya ta CS3 da CS4. Ƙari a kan haka, mai ɗaukar hoto da ya sayi sabuwar kyamara zai tarar tsohon Lightroom 6, wanda shi ne na ƙarshe da aka sayar sau ɗaya, bai san fayilolin RAW ɗinta ba, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauka, sai ya fara juya su zuwa DNG, tsarin da Lightroom ɗin ke ganewa, tukuna.

Don haka in ka sayi manhaja, ka lissafa ta a matsayin kayan aikin da zai yi maka wasu shekaru masu kyau, biyar ko fiye in ka yi sa'a kuma baka yawan canza kwamfuta. Ko da haka ma sau da yawa ta fi arha, ina dai so a shiga da ido buɗe.

Zan iya sayar wa wani lasisina in na gama da shi?

Ya danganta da ƙasa da kuma sharuɗɗan kamfani. A Tarayyar Turai kotun ƙoli tasu ta yanke a 2012, a shari'ar UsedSoft da Oracle, cewa ana iya sake sayar da lasisin dindindin. A Amurka kuwa a shari'ar Vernor da Autodesk a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai lasisi ba mai kaya ba ne, ba zai sayar ba in sharuɗɗa sun hana. Na biyan wata-wata kam babu abin sayarwa.

Na ɗauki tsarin wata-wata, na zo fita an ce sai na biya tara. Ya aka yi haka?

Abin da ka ɗauka alkawarin shekara ne da ake biya kashi-kashi duk wata, kuma shi ake fara nuna maka domin farashinsa ya fi kyan gani. Adobe na da tsari uku: wata-wata na gaskiya wanda ya fi tsada amma kana fita duk sanda ka so, sai na shekara da ake biya duk wata, sai na shekara da ake biya dunƙule. A na tsakiyan, in ka fita cikin kwana 14 na farko a mayar maka da kuɗinka, in ka wuce haka zaka biya rabin abin da ya rage na shekarar. Misali kana biyan 22.99 ka yi wata uku ka gaji, saura wata tara, wajen dala 207, za a ce ka kawo kusan dala 103 kafin a sake ka.

Ba kai kaɗai ka faɗa ba. A watan Yuni 2024 gwamnatin Amurka, ta hannun FTC, hukumar kare masu saye, da ma'aikatar shari'a, ta maka Adobe a kotu tana zargin ana ɓoye wannan tarar a ƙananan rubutu kuma ana wahalar da masu son fita. Shawarata, in aikin wata ɗaya ko biyu ne ya kawo ka, ɗauki wata-wata na gaskiya ko da ya fi tsada. In kuma kana kan na shekara, rubuta ranar da zai sabunta kansa a wayarka da ƙararrawa, domin da kansa yake sabuntawa ya ɗaure ka wata shekarar.

Sai da intanet yake aiki? Kuma kwamfuta nawa zan iya sa wa?

Photoshop da 'yan uwansa a kan kwamfutarka suke zaune, ba sai kana kan intanet kullum ba. Suna dai leƙawa lokaci-lokaci su tabbatar ka biya, mai tsarin shekara na iya kai kwana 99 babu intanet, mai wata-wata kwana 30. Kana iya kunna shi a kwamfuta biyu amma ka yi aiki da ɗaya a lokaci guda. Manhajojin dizain na Figma da Canva su kam asalinsu na intanet ne, in layi ya yanke aikinka ya taƙaita sosai.

Waɗanne ne har yanzu ake saya sau ɗaya?

Suna nan fiye da yadda ake zato, musamman a ɓangaren bidiyo. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostareliya yana da sigar kyauta wadda ta ishi yawancin masu yanka bidiyo, babbar sigar Studio kuma dala 295 ce sau ɗaya, kuma zuwa yanzu waɗanda suka saya suna hawa sababbin sigogi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Su suna iya yin haka ne domin kyamarori da na'urori suke sayarwa, manhajar ke jawo musu masu saye. Final Cut Pro na Mac dala 299.99 ne, wanda ya saya tun 2011 ya samu har siga ta 11 da ta fito a 2024 bai ƙara ko sisi ba, kodayake na iPad da ya zo a 2023 na biyan wata-wata ne. Procreate na masu zane a iPad dala 12.99 ne, shikenan.

CorelDRAW suna sayar da duka biyun, ka zaɓa. Capture One na gyaran hoto da Clip Studio Paint na zane ma akwai lasisin dindindin, sai dai a kula, sun koma wani tsari na tsaka-tsaki inda abin da ka saya zai tsaya yadda yake, sababbin abubuwa kuwa sai ka sake biya ko ka ɗauki tikitin shekara. Lokacin da Celsys na Japan suka sanar da wannan ga Clip Studio a 2022 masu zane sun yi ta ƙorafi. Ni wannan tsarin na tsakiya ban ga laifinsa ba, shi ne ma ya fi kusa da adalci a wurina, kamfani ya samu kuɗin ci gaba da aiki, kai kuma ranar da ka daina biya manhajar bata kulle maka ƙofa.

Sai na kyauta waɗanda jama'a ke ginawa: Blender na zanen 3D wanda manyan kamfanoni ma ke aiki da shi, Krita na zane, Inkscape na tambari da makamantansu, Scribus na tsara shafuka, darktable na hotunan RAW, da GIMP da ya fitar da siga ta 3 a Maris 2025.

Na ji Affinity ya zama kyauta. Ba tarko ba ne kuwa?

Affinity shi ne ya daɗe yana zama mafakar masu gudun biyan wata-wata. Kamfanin Serif na Ingila ya fito da Designer a 2014, Photo a 2015, Publisher a 2019, duk saye sau ɗaya. A Maris 2024 Canva suka sayi kamfanin, sai a ƙarshen Oktoba 2025 suka haɗe ukun a manhaja ɗaya suka ce kyauta ce, sharaɗin shi ne ka buɗe akawun ɗin Canva, kayan AI kuma sai mai biyan Canva Pro.

Manhajar ta gaske ce, ana aikin ƙwararru da ita, ka sauke ka gwada ba abin da zaka rasa. Abin da nake so ka lura da shi kawai, an daina sayar da lasisin dindindin, yanzu shigarka na rataye da akawun, kuma abin da aka ba ka kyauta baka da hujjar riƙe kamfani in gobe ya canza shawara. Kada ka tara aikin shekaru a tsarin fayil ɗinsu kaɗai, ka riƙa fitar da kwafi a PDF da SVG da PSD.

Kwastomomi da maɗaba'a duk fayil ɗin Adobe suke turo min. Zan iya rayuwa ba tare da shi ba?

Ba a farashi gizo ke saƙar ba, a nan yake. In kai kaɗai kake aiki, daga hannunka sai kwastoma, abin da zaka miƙa PDF ne ko PNG ko bidiyo, babu wanda zai tambaye ka da me ka yi. Maɗaba'a ma abin da take so PDF ne mai kyau, launi a CMYK, tsarin launin bugawa, an bar rarar gefe don yanka, salon rubutu a ciki, kuma Affinity da CorelDRAW da Scribus duk suna fitar da wannan.

Amma in kana cikin tawaga, ko kana karɓar aiki daga kamfanonin talla da za su turo maka fayil ka gyara ka mayar wani ya ɗora, toh gaskiya ka yi amfani da abin da suke amfani da shi. Affinity na buɗe IDML, kwafin da InDesign ke fitarwa don musaya, amma baya buɗe INDD, kuma fayil ɗin Illustrator yana buɗe shi ne ta kwafin PDF da ke cikinsa, don haka wani abin zai rikice, kuma ranar da ka mayar da fayil rubutu ya goce da layi ɗaya a shafi na arba'in, kai za a tuna ba manhajar ba. Mai neman aiki a kamfani ma ya duba tallan aikin, in sun rubuta Photoshop da Illustrator ko Figma, su zai koya.

Kamfani zai iya canza min dokoki ina tsakiyar aiki?

Zai iya, kuma an yi. A Mayu 2019 Adobe sun aika wa masu biya saƙo cewa su daina amfani da wasu tsofaffin sigogi domin ba su da lasisinsu kuma. A Oktoba 2019 suka sanar za su rufe akawun ɗin duk mutanen Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya su samu izini su janye, ka yi tunanin mai sana'a da bai yi laifin komai ba ya wayi gari da wannan saƙon. A 2022 kuma aka cire yawancin launukan kamfanin Pantone, waɗanda maɗaba'u ke aiki da su, daga manhajojin Adobe, mutum ya buɗe tsohon fayil ɗinsa a Photoshop ya tarar launin ya koma baƙi, sai ya biya Pantone nasu kuɗin daban. Wanda ke kan tsohuwar siga da ya saya wannan bai taɓa shi ba, kuma wannan babbar fa'ida ce ta saye sau ɗaya da ba a cika lissafawa ba, abin da ke aiki yau haka zaka same shi gobe.

Ya maganar kirak, wato manhajar sata da aka fasa, ko akawun ɗin araha da ake tallatawa?

Na san halin da ke kai mutum can, ba zan yi kamar ban sani ba. Amma ban ba kowa shawarar ba. Na farko haƙƙin mutane ne kuma kana cin abinci da shi. Na biyu, manhajar kirak na cikin manyan hanyoyin da ake cusa wa mutane ƙwayoyin satar kalmar sirri, kuma kafin ka saka ta ana ce maka ka kashe mai gadin kwamfutar da hannunka, a kwamfutar da kake shiga banki da imel kuma fayilolin kwastomomi ke ciki. Akawun ɗin araha kuwa galibi gurbi ne a lasisin wata makaranta ko kamfani da wani ke sayarwa ba bisa ƙa'ida ba, ranar da aka gano a rufe, duk abin da ka ajiye a ciki ya tafi, ba ka da wanda zaka kai wa kuka. A da ana iya cewa babu mafita, yanzu ga Resolve ga Affinity ga Blender ga Krita duk kyauta kuma halal.

Ni ɗaliba ce, yanzu nake koyo. Da wanne zan fara?

'Yar'uwa kada ki ɗaura wa kanki biyan wata-wata tun kafin ki fara samun ko kwabo. Abin da za ki koya a shekarar farko, tsara shafi, haɗa launi, zaɓen salon rubutu, aiki da leya da alƙalamin zana lanƙwasa, duk iri ɗaya ne a kowace manhaja, in kin iya a Affinity ko Inkscape komawa Illustrator ba zai ɗauke ki dogon lokaci ba. In makarantarku na ba da lasisi ki yi amfani da shi. Adobe na yi wa ɗalibai ragi mai yawa, sama da rabi, amma ki karanta da kyau domin farashin shekarar farko ne, ta biyu yana tashi. Autodesk na ba ɗalibai kyauta, sai dai ba a yarda a yi aikin kuɗi da wannan lasisin ba.

Kayan AI fa, ba su isa dalilin biya ba?

Ga wasu sun isa. Mai gyaran hotunan kaya ɗari a rana, cire bango da cike gurbi da Generative Fill da ya shigo Photoshop a 2023 na rage masa awanni. Yawancin irin wannan aikin a na'urorin kamfani ake yinsa ba a kwamfutarka ba, kowane dannawa kuɗi yake ci musu, shi ya sa ba kasafai zaka same shi a saye sau ɗaya ba, kuma shi ya sa ko a cikin biyan ma ake ƙayyade maka adadin da zaka yi a wata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaga wa kowa farashi da sunan AI har da wanda bai taɓa danna shi ba. In kana riƙe da aikin kwastoma na sirri kuma, karanta sharuɗɗa kafin ka tura shi can. A Yuni 2024 an yi ta hayaniya kan sharuɗɗan Adobe har sai da suka sake rubuta su suka bayyana cewa ba sa horar da AI ɗinsu da ayyukan masu amfani.

Kai a ganinka wa ya kamata ya biya, wa ya kamata ya saya?

Wanda manhajar ce gonarsa, kullum yana cikinta, yana musayar fayil da wasu, yana amfani da uku ko fiye, ya biya ya sa kuɗin a cikin farashin aikinsa kamar yadda yake sa kuɗin wuta da intanet. Wanda aikinsa ke zuwa lokaci-lokaci, wata ya samu wata ya rasa, saye sau ɗaya ko na kyauta ya fi masa kwanciyar hankali, domin biyan wata-wata bai san watan da kasuwa ta mutu ba, kuma a watan da ka fi buƙatar kayan aikinka don ka farfaɗo a nan ne zai kulle. Da yawa kuma haɗawa suke yi, kuma ina ganin hikima ce: aikin yau da kullum a manhajar da ba ta ƙarewa, in babban aiki ya zo da ke buƙatar After Effects ko InDesign a ɗauki wata ɗaya a sa a lissafin kwastoma.

Na yanke shawarar fita. Me zan yi kafin in danna sokewa?

Kada ka soke yau. Fara duba ranar da shekararka ke cika ka shirya fita a watan ƙarshe don kauce wa tara. Kafin ranar, bi fayilolin InDesign ka fitar da kowanne a IDML da PDF, ka yi amfani da umarnin da ke tattara hotuna da duk abin da aka jingina a jaka ɗaya. Na Illustrator ka ajiye kwafi a PDF da SVG, ɗaya da rubutu mai gyaruwa ɗaya da rubutun da aka mayar zane. PSD masu muhimmanci ka buɗe su a sabuwar manhajar tun yanzu ka ga abin da ya zame, ka ajiye kwafin TIFF a gefe. A Lightroom ka sa ya rubuta bayanan hotuna a fayilolin XMP, sannan ka fitar da gyararrun hotuna da cikakken girmansu, domin gyaran da ka yi ba zai bi ka wata manhajar daidai ba. Ayyukan bidiyo ka fitar da XML wanda Resolve zai iya karantawa, tare da kwafin bidiyon mai inganci. Rubuta sunayen salon rubutun da ka ɗauko daga Adobe Fonts, waɗanda tambarin kwastoma ya dogara da su ka sayi lasisinsu daban ko ka gaya wa kwastoman ya saya. Kwashe duk abin da ke ma'ajiyar intanet zuwa faifai biyu.

Sannan ka ɗauki aiki ɗaya na gaske, ƙarami wanda ba a matsa maka da lokaci ba, ka yi shi daga farko har ƙarshe a sabuwar manhajar tun tsohuwar na aiki, har ka kai shi maɗaba'a ko ka miƙa wa kwastoma. In ya fita lafiya sai ka soke, ka ajiye imel ɗin da ya tabbatar an soke, wata mai zuwa kuma ka duba katin bankinka ka tabbatar ba a sake cira ba.